Babi na Shida: Uwar Gami

Idan ruwan farko ya sauka a Kano, shagunan kayan noma na bakin titin Gwarzo ne suke fara sanin damina ta kama. A Rijiyar Zaki, kafin ka kai sabon mazaunin Jami'ar Bayero, za ka tarar an jibge buhunan taki a ƙofar shago, ga kamfa, ga yuriya, ciki kuma kantoci maƙil da gorunan maganin feshi. Unguwar kanta gini ya cinye yawancin gonakinta. Amma ta nan ake bi zuwa Rimin Gata da Janguza da ƙauyukan Tofa, don haka ma'aikacin da ke da 'yar gonar gado a can, a nan yake tsayawa ya ɗaura buhu a bayan mashin, ya cusa gora biyu a aljihun riga.

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo, kuma ƙasar Ungogo tana da suna a littattafan masana noma na duniya. A shekarun 1960 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Zariya, daga baya ya dawo Bayero, ya bi ƙauyukan wannan yanki gona-gona. Abin da ya ba shi mamaki shi ne kusan babu saura. Kowace gona ana noma ta kowace shekara, kuma ba ta mutu ba. Sirrin yana kan bayan jaki. Da rani jakuna suna shiga birni da itace, su fito da mangalar taki: toka, shara, kashin dabbobi. Ciyawa kuwa maganinta fartanya ne, da gayya, da yaran gida. Yau yaran suna makaranta ko suna kan Adaidaita Sahu, kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, gorar feshi ta karɓi aikin noman fari a gonaki da dama.

Buhun nan da gorar nan, abu guda ya haɗa su. A jikin buhun kamfa akwai haruffa uku, N da P da K. Na tsakiyan shi ne fosfaras. Shi ne kuma a cikin gorar, sai dai ya sake riga.

A buhu, fosfaras yana zaune yadda Allah ya ajiye shi a dutse da ƙashi da haƙori, ƙwayoyin oksijin huɗu sun kewaye shi. Wannan shi ne fosfet. A haƙo dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, an sami taki. Tun 1842 John Bennet Lawes ya yi wa wannan dabara rajista a Ingila, ita ce ta haifi takin sufa da iyayenmu suka riƙa zuba wa gyaɗa. Ƙasar gonakinmu ba ta da fosfaras da yawa tun asali, wanda aka zuba ma, tsatsar ƙarfen da ke rina ƙasa ja tana cafke wani kaso ta riƙe. Da wuya shuka ta ci fiye da rubu'insa a shekarar farko. A riƙe wannan magana ta ƙarfe da fosfaras, za mu dawo kanta.

A gora kuwa an aurar da fosfaras ga kabon, ƙwayar da jikin duk wani mai rai ya ginu a kanta. Maganin ciyawar da ya fi kowane yawo a duniya, gilifoset, wanda John Franz na kamfanin Monsanto ya gano amfaninsa a 1970 aka fara sayar da shi da sunan Roundup a 1974, ƙwayar fosfaras ɗaya tak gare shi, ƙulle kai tsaye da kabon. Fiya-fiyar da ake yayyafawa don sauro, wadda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarta, 'yar dangin ce, sai dai ita oksijin ne ya shiga tsakani. Dangin suna da tarihi mai duhu: a hannun Gerhard Schrader na Jamus, mai neman maganin ƙwari, aka sami gubar yaƙi ta tabun a 1936 da sarin a 1938. Mu ma mun ɗanɗana namu rabon. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe. Amma a gidan nan ne kuma aka haifi tenofobir, maganin da dubban masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da masu ciwon hanta suke sha kullum a ƙasar nan, wanda ya samo asali daga aikin Antonín Holý a Firag. Bitamin A da doka ta sa a riƙa ƙarawa a sukari da fulawa da man girki tun 2002, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin haɗa shi a masana'anta ba ta yiwuwa sai da wani ɗan wannan dangi.

Tambayar ita ce, ta yaya ake raba fosfaras da oksijin ɗin da ya manne masa, a ɗaura shi da kabon? Amsar da masana'antu suka dogara da ita fiye da shekara ɗari, hanya ce irin ta wanda zai je Bichi daga Kano amma ya bi ta Zariya.

Da farko a zuba dutsen fosfet da gawayin kwal da tsakuwa a murhun lantarki mai zafin da ya kai digiri 1,500. Abin da ke fitowa shi ne farin fosfaras, wanda Hennig Brand ya fara gani a Hambag a 1669 lokacin da yake dafa fitsari yana neman zinariya. Tan ɗaya yana cin wuta fiye da kilowat-awa 12,000. Guba ne, kuma da zafi ya haura digiri 30 kaɗan sai ya kama da wuta da kansa, shi ya sa a cikin ruwa ake ajiye shi. A Kano cikin watan Afrilu ba ya buƙatar ashana. Daga nan a haɗa shi da iskar kulorin, ita ma guba, a sami wani ruwa mai hayaƙi. Sai kuma a bi kulorin ɗin nan da aka sha wahalar ɗaurawa a kwance shi ɗaya bayan ɗaya, a maye gurbinsa da kabon, shi kuma ya tafi a matsayin gishirin shara. An sa shi ne don a cire shi.

Ƙasashen da ke da irin wannan murhu a yau ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: Sin, Biyetnam, Kazakistan, Amurka. Na ƙarshe a Tarayyar Turai, kamfanin Thermphos na Holan, ya durƙushe a 2012. Wanda duk ya sayi maganin ciyawa bayan daminar 2021 ya ji wannan a aljihunsa ko da bai san dalili ba. A ƙarshen Agustan shekarar guguwar Ida ta tsayar da babbar masana'antar gilifoset ta Luling a jihar Luwiziyana, a Satumba kuma hukumomin lardin Yunan na ƙasar Sin suka umarci masu murhun fosfaras su rage aiki ƙwarai don tsimin lantarki. Farashin maganin a kasuwar duniya ya ninka. Manomi a Tofa ya ɗauka mai shago ne ya yi masa wayo.

To, a nan uwar gami take shigowa. Masana suna ce mata katalis, sunan da Berzelius ɗan Suwidin ya raɗa a 1835. Abu ne da ake sa ɗan kaɗan a cikin haɗi, ya sa abubuwa biyu da ba sa ga-maciji su haɗu da wuri, shi kuma ya fita yadda ya shiga, ya sake kamo wasu biyun. Bahaushe ya riga ya ba kanwa wannan kirari. In za a bi diddigi, kanwa ba ta cika sharaɗin ba, domin ita narkewa take yi ta tafi tare da waken. Amma sunan ya yi kyau ƙwarai, ba zan bar shi ba.

Shekaru da dama, in ana son uwar gami ta ƙwarai, gidan sarautar ƙarafa ake zuwa: filatinam, faladiyam, rodiyam da 'yan uwansu. A farkon shekarun 1980 Toshikazu Hirao na Japan ya nuna yadda faladiyam ke ƙulla fosfaras da zoben kabon cikin sauƙi, har yau da sunansa ake kiran dabarar. A 1990 Paul Pringle a Ingila ya yi amfani da filatinam ya ɗora iskar fosfin kai tsaye a kan kabon. Iskar fosfin ɗin nan ba baƙuwa ba ce a kasuwar Dawanau. Ita ce ke fita daga ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan hatsi don kashe ƙwari, kuma ta sha kashe mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da buhunan.

Waɗannan ƙarafa ma ba baƙi ba ne a Kano, suna nan a salansar mota. Abin nan mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi, wanda wani kan kai motarsa gyara ya dawo ya ji sautinta ya sauya, abin da ake farauta a cikinsa 'yan giram ne na filatinam da faladiyam da rodiyam. Farauta kuwa da dalili. A Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato giram 31, ta kusa dala 30,000. A Maris na 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, faladiyam ya haura dala 3,000, domin kusan kashi 40 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Rasha yake fitowa. Rodiyam da filatinam kuwa Afirka ta Kudu ce ke riƙe da akalarsu. In ka ɗebi tan ɗaya na duwatsun doron ƙasa, a matsakaicin lissafi za ka sami baƙin ƙarfe wajen kilo 50, jan ƙarfe wajen giram 60. Faladiyam sai ka sauke tirela biyu ba ka tabbatar da giram ɗaya ba.

Saboda haka tunanin sauke 'yan sarauta a ɗora talakawa ba ya buƙatar dogon bayani, kuma an taɓa yi an ci nasara. Shaidar tana cikin ɗaya buhun da ke ƙofar shago. Lokacin da Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya kamo naitirojin daga iska a yi amoniya, uwar gamin da ya yi amfani da ita osmiyam ce, ƙarfen da duk abin da ke hannun 'yan kasuwar duniya a lokacin bai taka kara ya karya ba. Ya gwada yuraniyam ma. Da a nan aka tsaya, da babu buhun yuriya a Rijiyar Zaki. Alwin Mittasch na kamfanin BASF shi ya zauna yana gwaji, dubbai a kan dubbai, har ya faɗa kan wata tama daga Suwidin da ta yi aiki. Da aka bincika sai aka ga baƙin ƙarfe tsantsa ba ya daɗewa. 'Yan gurɓace-gurɓacen da ke cikin tamar ne suke ƙarfafa shi. Aka daidaita haɗin da ɗan sanholo da sinadarin da ke cikin toka, aka buɗe masana'anta a Oppau a 1913. Har yau kusan duk amoniyar duniya a kan baƙin ƙarfe ake yin ta, daga ita kuma ake yin yuriya, har da wadda ke fitowa daga masana'antar Ɗangote ta Lekki da aka ƙaddamar a 2022.

Bakano ba sai an gabatar masa da wannan ƙarfe ba. Tama ce ta fara tara mutane a gindin Dala. An tono alamun narka ta a can da suka kai ƙarni na 7, kuma labarin baka yana cewa maƙeran Abagayawa daga Gaya suka zo nemanta. Garin a kan tama aka kafa shi.

Me ya hana a yi wa fosfaras irin abin da Mittasch ya yi wa naitirojin tun tuni? Hali. Aikin uwar gami rance ne: ta ba da ilektoron, ta karɓa, ta sake bayarwa. Faladiyam bibbiyu yake bayarwa, bibbiyu yake karɓa, a natse, ana iya sanin abin da zai yi gobe. Baƙin ƙarfe ya fi son ɗaiɗai, kuma duk ƙwayar da aka bari da ilektoron guda marar abokin zama, sai ta zama kamar ɗan taurin da aka yi wa kiɗa, duk wanda ta tarar sai ta kai masa sara. Ka nemi abu ɗaya, ka sami biyar. Ga shi kuma da ganin iska da laima sai tsatsa. Sannan fosfaras kansa yana da tasa fitinar: son ƙarfe gare shi. Abin da aka haɗa yakan maƙale a jikin uwar gamin ya ƙi sauka, kamar baƙon da ya zo kwana ɗaya ya share wata, na bayansa su rasa masauki.

Maganin ƙarfe mai tutsu shi ne linzami. Ana gina wata ƙwaya ta musamman da za ta rungume ƙarfen ta gefe biyu ko uku ko huɗu, ta bar masa ƙofa ɗaya kawai da zai yi aiki ta cikinta. Yawancin hazaƙar wannan fanni a ƙirar linzami take. A 2014 Ruth Webster da ɗalibarta a Jami'ar Bath ta Ingila suka nuna wani haɗin baƙin ƙarfe da ba ya tsoron iska, wanda a zafin ɗaki yake ɗora fosfaras a kan kabon mai ƙulli biyu. Kyan wannan hanya shi ne babu shara: fosfaras yana zuwa riƙe da haidirojin, shi ya kama kabon ɗaya, haidirojin ya kama na kusa da shi, duk abin da aka zuba a tukunya yana cikin abin da aka kwashe. Shekara guda kafin nan wasu masana a Faransa sun nuna cewa gishirin ƙarfe iri biyu, waɗanda bambancinsu ilektoron ɗaya ne, kowanne gefen da yake ajiye fosfaras daban. A 2020 kuma Rory Waterman na Jami'ar Vermont a Amurka ya ɗauko wani shuɗin garin jan ƙarfe mai araha, irin wanda ke ajiye a kantar ɗakunan gwaji da dama, ya haska masa fitila, sai ga shi yana yin aikin cikin hanzari. Nikel ma ya riga faladiyam shiga wannan fage: tun 1970 wani masani mai suna Tavs ya ƙulla fosfaras da zoben kabon da gishirin nikel, sai dai da zafi mai yawa, shi ya sa aka yi watsi da shi na wani lokaci aka bi ɗan sarauta.

Waɗannan duka a kwalabar gwaji suke, giram-giram. Amma akwai guda da ta riga ta iso Rijiyar Zaki. Gilifoset ɓari biyu ne, na fosfaras da na naitirojin. A da, a hanyar Monsanto, ɓarin naitirojin sai da sayanaid ake yin sa, gubar da 'yar kaɗan take kashe mutum, kuma kowane kilo 7 na kaya yana barin shara da ta kai kilo 1. Injiniyoyin kamfanin suka sauya hanya, suka fara daga wani ruwa marar haɗari sosai, suka bi da shi ta kan jan ƙarfe. Sayanaid ta fita daga lissafi, sharar ta kusa ƙarewa. A 1996, shekarar farko da gwamnatin Amurka ta fara ba da lambar yabo kan haɗa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba, wannan aiki yana cikin waɗanda suka karɓa. Gaskiyar magana, jan ƙarfen ba shi ne ya ƙulla fosfaras da kabon ba, asid ne ke yin wannan, kuma a matakin ƙarshe ana amfani da gawayi na musamman, wani lokaci mai ɗauke da filatinam. Gyaran masana'anta kuma bai kashe gardamar da ake yi kan maganin kansa ba: a 2015 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga hakan ba a yadda ake amfani da shi. Mai feshi da silifas da gajeren wando, iska tana maido masa da raɓar a fuska, bai kamata ya jira su gama ba kafin ya rufe jikinsa.

Ina da ƙorafi kan yadda ake tallata wannan fanni, kamar da an ambaci baƙin ƙarfe an gama magana. Araha ba ta ado. Sau da yawa linzamin ya fi dokin tsada, kuma linzaman da suka fi aiki, da yawansu fosfin ne, wato sun fito daga murhun nan da kulorin ɗin nan da ake gudu. In faladiyam ɗan mitsitsi zai yi aikin da sai an zuba ƙarfe ninki ɗari, kuma ana iya tace faladiyam a sake amfani da shi, mai masana'anta zai ɗauki alƙalami ya yi lissafi, ba zai bi kirari ba. Yawa a ƙasa kuma ba shi ne rashin illa ba. A ƙa'idar da masu haɗa magunguna na duniya ke bi, ragowar faladiyam da aka yarda mutum ya haɗiya a rana maikirogiram 100 ne, na kobal kuwa, ɗaya daga cikin talakawan ƙarafan, 50. Kobal ɗin ma wajen kashi 70 cikin ɗari daga Kwango yake fitowa, inda ake samun yara a ramukan haƙa.

Akwai kuma abin dariya da ya faru a 2009. An yi ta buga sakamakon wasu haɗe-haɗe da aka ce baƙin ƙarfe ne uwar gaminsu. Stephen Buchwald na Amurka da Carsten Bolm na Jamus, wanda wasu daga cikin sakamakon daga ɗakin gwajinsa suka fito, suka sayo gishirin ƙarfen daga kamfanoni daban-daban. Sai suka ga iya tsabtar gishirin, iya lalacewar aikin. Ashe ɗan burbushin jan ƙarfe ne a ciki yake yin komai, ƙarfe yana karɓar yabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na fi ganin girman Bolm a wannan takarda fiye da sauran da ya rubuta, domin ba kowane malami ne zai sa hannu a kan gyaran kansa ba.

Babban ƙulli dai yana can baya, a murhu da kulorin. Masu hangen nesa can suka nufa. A 2018 Christopher Cummins da ɗalibinsa Michael Geeson a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna hanyar tashi daga fosfet, irin na taki, zuwa ƙullin fosfaras da kabon ba tare da an bi ta farin fosfaras ba sam. A 2019 ƙungiyar Robert Wolf a Regensburg ta Jamus ta yi amfani da haske ta ɗaura kabon kai tsaye a kan farin fosfaras, ta tsallake kulorin. Amma uwar gaminsu ta farko iridiyam ce, wadda take cikin mafiya ƙaranci a gidan sarautar, sai daga baya suka koma neman mai araha. Ko ɗaya cikin biyun bai kai ga cika tanka ba tukuna.

Mu ina muka tsaya? Dutsen fosfet muna da shi, a yankin Dange da Shuni na jihar Sakkwato, da kuma Tawa a Nijar. An taɓa kafa masana'antar takin sufa a Kaduna, ta fara aiki a 1976. Amma fosfet ɗin da ke cikin kamfar yau yawanci na Maroko ne, ƙasar da ke zaune a kan kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar duniya. Yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin ziyarar Sarki Muhammad na Shida a Abuja a Disambar 2016 ita ta kawo buhun naira 5,500 da manoma ke tunawa. Wanda ya ce a gina murhun farin fosfaras a ƙasar da injin markaɗe ke jiran wuta, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin da nake gani ya dace da mu ƙarami ne, amma na gaske. Binciken da ke buƙatar faladiyam na dala da akwatin da ba ya shan iska, ɗalibin kimiyya a Kano ko Zariya sai dai ya karanta shi. Wanda ke buƙatar gishirin ƙarfe, da garin jan ƙarfe, da haske, wannan zai iya sa hannu. Abin da zai tsaya masa a wuya shi ne na'urar da ke nuna inda fosfaras ya zauna bayan an gama haɗi, da wutar da za ta riƙe ta dare da rana.

Can a gona kuwa, aikin da ake fama da shi a Bath da Vermont ana yin kishiyarsa kyauta. Ƙullin fosfaras da kabon yana da taurin da tafasa ba ta kwance shi, asid ma ba ya yi masa komai. Amma akwai ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa waɗanda in yunwar fosfaras ta kama su sukan tsinka shi su cinye. A 2011 Frank Raushel da abokan aikinsa a Teksas suka harhaɗa na'urar da ƙwayoyin ke amfani da ita a kwalabar gwaji. A tsakiyarta akwai ƙwayoyin baƙin ƙarfe huɗu da na farar wuta huɗu, kuma da ilektoron ɗaiɗai take aiki, halin nan da masana ke kira tutsu. Ba a san wani mai rai da ya dogara da faladiyam ba. Jinin jikinmu ƙarfe ne, ƙululun saiwar wake da ke kamo naitirojin ƙarfe ne.

Son da ke tsakanin ƙarfe da fosfaras shi ne kuma ya sa ake iya fesa gilifoset yau a yi shuka bayan 'yan kwanaki. Da ya taɓa ƙasa, hannunsa na fosfaras yake miƙa wa tsatsar ƙarfe da yumɓu, su riƙe shi kamar yadda suke riƙe takin sufa, ba ya samun zuwa ga saiwa. Sai dai ƙarfen bai san bambancin gona da cikin injin feshi ba. Manomin da ya tsaya a bakin kududdufi ya cika goyonsa da jan ruwa mai laka, ya tsiyaya maganin da ya saya da tsada a kai, kafin ya ƙarasa gona wani kaso ya riga ya manne wa lakar. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, shi ma yana rage masa kaifi. Bayan sati ya dawo ya tarar da ƙiri-ƙiri da jiji suna nan kore shar, ya hau mashin ya nufi shago.

Jabu akwai shi a kasuwa, ba a musu. Amma mai shagon da ya san sana'arsa, kafin a kai ga rantse-rantse zai ba shi benci ya ce, “Baba, zauna tukuna. Da wane ruwa ka haɗa?”